Garwashi a Tsingaro

A tafin hannuna na dama akwai tabo, fari-fari, faɗinsa bai wuce kwabo ba. Duk wanda muka gaisa da shi a kasuwar hatsi ta Ƙaura yakan ji shi. Wasu su tambaya, in ce tsohuwar ƙuna ce, mu wuce. Ba na son dogon bayani. Amma tun da ɗiyata Luba ta tafi Zariya karatu nake yawan buɗe hannun ina dubawa, kuma duk lokacin da na duba, Kaka Ige nake gani.

Kaka Ige uwar babana ce. Ƙauyenmu yana tsakanin Zurmi da Shinkafi, kan hanyar da masu jakuna ke bi ran kasuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don yanzu ba kowa a ciki sai kangaye da kuka biyu. 'Yan bindiga sun tashe shi. A zamanin da nake magana kuwa gari ne mai rai, kuma inda ya fi ko'ina rai a wurina shi ne madafar Kaka.

Mutane kan ce tatsuniya sai da farin wata a tsakar gida. Mu tamu ta damina ce. In marka ta sauka, ruwa na zuba kan jinka, sai mu jikoki biyar mu cusu cikin madafa bayan an ci tuwo. Hayaƙi na cin ido, awaki na leƙowa ta ƙofa suna neman mafaka, Kaka na zaune kan kujerarta 'yar tsugunne tana juya sabuwar masara a bakin murhu. Ba ta taɓa fara tatsuniya kafin masara ta gasu ba. Cewa take yaro mai yunwa ba ya jin labari, ƙarar cikinsa kawai yake ji.

Ni ne abokin faɗanta. Da na shigo sai ta ce, "Ga mijina raggo nan. Bube, mi ka nomo mini yau?"

In ce, "Ni ban auren tsohuwa marar haƙora."

"To bar masarar tsohuwa ka ci ta amarya."

Sai a kwashe da dariya, ta miƙo mini wadda ta fi kowace girma.

Tana da nata salon buɗe tatsuniya. Takan buga mafici a ƙasa ta ce, "Ga ta nan tahe, ku matsa mata wuri." Mu kuma mu ce, "Ta zauna mu ji ta." In ta gama kuwa, sai ta jawo toka ta rufe garwashin murhu ta ce, "Na binne ta, gobe mu tone."

Binne wutar nan ba wasa ba ne. Ashana a lokacin ta matafiya ce. Kowace mace tana rufe garwashinta da toka kafin ta kwanta, da safe ta tone ta sa ƙirare ta hura. Wadda wutarta ta mutu sai ta aika maƙwabta a ɗebo mata, kuma ranar sai ta sha tsiya a bakin rijiya. Ɗebo wuta yana da ƙa'ida: ka sami tsingaro mai kauri daga fasasshiyar tukunya, ka shimfiɗa toka a ciki, a ɗora maka garwashi, a sake rufewa da toka. Ka tafi a hankali. Kaka ta faɗa mana wannan ya fi a ƙirga.

Cikin tatsuniyoyinta akwai ɗaya da take yawan maimaitawa in ruwa ya yi yawa. Wai a wani gari an kwana bakwai ana ruwa har wutar kowa ta mutu. Mutane suka koma cin jiƙaƙƙen gero, yara na kuka, tsofaffi na rawar ɗari. Sai aka hango hayaƙi a ƙetaren gulbi, a garin wasu mutane da ba wanda ke jin harshensu. Wani saurayi da ake kira Sarkin Sauri ya ce shi zai ɗebo. Bai tsaya ɗaukar komai ba, ya faɗa ruwa yana laluben duwatsu da ƙafa har ya ƙetare. Da ya isa ya buɗe baki ya roƙi wuta, mutanen suka fashe da dariya, don maganarsa ta yi musu kama da kukan kwaɗo. Zuciya ta ɗebe shi. Ya kai hannu cikin murhunsu ya damƙo garwashi ya zura da gudu. Kafin ya kai tsakiyar gulbi hannun ya soye, ya saki wutar cikin ruwa.

A nan Kaka takan naɗe hannunta da gefen zane, ta ɓata fuska, ta yi muryar maza: "Wagga wuta ba tamu ba ce! Mugunya ce! Kowa yat tahi dariya za a yi mai, ya dawo da miki!" Mu kuwa mu yi ta birgima muna dariya. Wai tun daga ranar Sarkin Sauri ya tare a gindin wata bishiya a bakin gulbi, duk wanda ya zo zai ƙetare sai ya kore shi.

Sai wata yarinya, ɗiyar mai ginin tukwane, ta ɗauki tsingaro daga tukunyar uwarta, ta ɗebi toka daga mataccen murhun gidansu, ta faki idonsa yana gyangyaɗi ta ƙetare. Ita ma aka yi mata dariya. Ta zauna ta bari suka gama. Ta taya matan garin surfe, ta kasa kunne har ta gane yadda suke kiran wuta da bakinsu, sannan ta roƙa. Suka ba ta. Ta binne garwashin cikin tokar gidansu, ta ɗora a ka, ta kamo hanya. Tana isowa bakin gulbi ta tarar ya cika ya batse, ba a ganin ko dutse ɗaya.

Daidai nan kullum barci ke sace ni. Ɗumin wuta, cikakken ciki, ƙarar ruwa, wa zai iya? Da safe in na tambayi ƙarshen, Kaka ta ce, "Ba a gatana da rana, raggo. Bari dare." Dare ya yi, in sake yin barci a wuri ɗaya.

Sau ɗaya tak na ji ƙarshenta, kuma tsada na saye shi. Wata safiya jinka ta yi yoyo daidai kan murhu, wutar Kaka ta mutu, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta aike ni gidan maƙwabciyarmu Inna Dije. Ni kuma yara na jirana za mu je kamun kifi a fadama. Na ɗauki tsingaro siriri, na ce toka ɓata lokaci ce. Inna Dije ta ce, "Kai Bube, ina tokarka?" Na ce sauri nake. Ban yi taku ashirin ba tsingaron ya ɗau zafi, na karkata shi, garwashi ya gangaro cikin tafina, tsoro ya sa na dunƙule hannu. An ji ihuna har masallaci.

Kaka ba ta dake ni ba. Ta shafa mini zuma ta ɗaure da tsumma mai tsabta, tana cewa, "Ashe Sarkin Sauri nika aure ban sani ba." Da yamma raɗaɗi ya hana ni barci, na ji tatsuniyar har ƙarshe. Amma hankalina na kan hannuna. Ƙarshen ya shiga kunnena ya sami wani lungu ya kwanta, ban sake tuna shi ba sai bayan shekara arba'in da wani abu.

Na yi firamare a Zurmi, kuma ba yabon kai ba, a lissafi ba mai kama ni. Aka kawo ni sakandaren kwana a Ƙaura. A nan na haɗu da Turanci, kuma ba mu rabu lafiya ba. Duk wanda aka ji yana Hausa sai a rataya masa wani katako a wuya ya yini da shi. Ni na fi kowa ɗaukarsa, har igiyar ta san wuyana. Akwai wani malami da in yana son ajinsa ya yi nishaɗi sai ya ce in tashi in karanta littafi da ƙarfi. Ina karantawa yana maimaita abin da na faɗa da irin muryata, aji na dariya. A aji uku na faɗi jarrabawar Turanci, aka ce in maimaita shekara. Na ɗaure akwatina na fita, ban waiwaya ba. Na yi dako a tashar jirgi lokacin da jirgi ke zuwa, daga baya na koma awon hatsi, inda nake har yau. Wanda nake yi wa lissafi a aji, yanzu da direba yake zuwa kasuwa, ni nake auna masa gero. In na ce abin bai cin raina, ƙarya na yi.

Sai Allah ya ba ni Luba, ta uku a 'ya'yana, ya kuma sa mata son abin da na tsana. Tun tana ƙarama in an ƙunso ƙosai a takarda sai ta karance takardar kafin ta ci. Ta yi digiri a Gusau, tana zaune gidan ƙanwata. Na yarda da wannan don na san zai ba ta aikin koyarwa, ya kuwa ba ta, a wata makarantar 'yan mata nan Ƙaura. Na ce to an gama.

Ashe ba a gama ba. Wata rana cikin damina ta same ni a zaure, ta durƙusa ta miƙo mini takarda. Wai an ɗauke ta digiri na biyu a Zariya, a fannin adabin Turanci.

Na ce, "Mi ne ne adabin? Hwaɗa mini da Hausa."

Ta ce, "Baba, littattafan labarai ne, da wasan kwaikwayo, da waƙoƙi. Za mu karanta mu yi nazari, daga ƙarshe in rubuta kundi."

"Watau gatanar Turawa za ki tahi ki saurara shekara biyu."

"Har da na mutanenmu na Afirka da suka rubuta da Turanci."

"Su ma sun rasa abin yi. Wanga karatu magani yake ko gada yake ginawa?"

Na kawo dalilai, kuma duk na gaskiya ne. Hanya ba lafiya. Ba mu da kowa a Zariya. Na ga 'ya'yan mutane da suka tafi irin wannan karatu, in sun zo gida sallah sai su riƙa kallon iyayensu kamar masu ciwo. Na ninke takardar na sa a aljihu na ce ban yarda ba.

Ta ce, "Ran Juma'a za a rufe rajista, Baba. Amma in ba ka yarda ba, ba ni zuwa."

Da ta yi gardama da na ji daɗi, don na iya faɗa. Ba ta yi ba. Ta ci gaba da kawo mini ruwan alwala, tana zuwa makarantarta tana dawowa. Uwarta Kulu ce kawai ke ajiye mini kwanon tuwo da ƙarfin da ya fi na kullum.

Ran Laraba aka yini ana marka. Gas ɗin Kulu ya ƙare, aka koma murhu, ashana kuma ta sha sanyi, kowane tsinke sai ya murƙushe. Ina zaune a rumfa bayan magariba sai na ga Luba ta shigo daga gidan maƙwabta, malamar Turanci guda, ta kare wani abu da gefen mayafinta, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Tsingaro ne. Ta durƙusa gaban murhu ta tone toka da tsinke, garwashi ya buɗe ido jajir.

Na ce, "Ke, wa ya koya miki wanga?"

Ta ce, "Kai mana. Toka a ƙasa, toka a sama, a tafi a hankali."

Na manta sam. Tana shekara shida ta yi baƙon dauro, Kulu na jego, ni na yi jinyarta. Don ta daina kuka na rufe ƙofa na yi mata tatsuniyar Kaka da ƙaramar murya, kada maƙwabta su ji namiji da gemunsa yana gatana.

Tana hura wuta ta ce, "Amma ba ka taɓa ƙarasa mini ba. Kullum a bakin gulbi kake barin yarinyar. Shekara ashirin tana tsaye da wuta a ka."

"Ni ba tsohuwa ba ne."

Kulu ta ce daga madafa, "A'a, tsoho ne kai. Hurhurar ta shaida. Ƙarasa mata, Malam, mu ma mu ji, ko tuwon ya yi daɗin tuƙi."

Na ce na manta. Luba ta ɗauki mafici ta buga a ƙasa, ta ce, "Ga ta nan tahe, ku matsa mata wuri."

Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce, "Ta zauna mu ji ta" ba.

Na faro daga farko. Da na zo wurin Sarkin Sauri na naɗe hannu da gefen riga kamar yadda Kaka ke yi, na ce, "Wagga wuta ba tamu ba ce!" Kulu ta yi dariya har da tari. Luba ba ta yi ba. Ni ma da na ji maganar ta fito da muryata, sai na ji ba ta ba ni dariya. Hannun da na naɗe, shi ne mai tabon, kuma ya sauka daidai kan aljihun da takardarta take.

Na kai bakin gulbi. Na yi niyyar tsayawa, sai ƙamshin hayaƙin da ƙarar ruwa a kan kwano suka tono mini sauran, tiryan-tiryan, har da muryar Kaka. Yarinyar ta tsaya tana kira, mutanen gari suka taru a ɗaya gaɓar, ba wanda ya san inda duwatsun mashigi suke cikin wannan ruwa. Sarkin Sauri ya daka mata tsawa ya ce ta zubar da wutar ta yi iyo ta tsira da ranta. Ta ce, "Ni na iya riƙon wuta, amma ban san ruwa ba. Kai ka san shi." Ya daɗe yana duban hannunsa. Sannan ya tuɓe riga ya shiga. Ƙafafunsa ba su manta ba. Ya isa gare ta, ta dafa kafaɗarsa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da tsingaro a ka, yana cewa, "Taka nan. Yanzu nan." Har suka fito. Mutane suka leƙa tsingaro suka ce, "Toka ta kawo mana!" Wata tsohuwa ta sunkuya ta hura. A daren kowane gida ya yi hayaƙi, kuma malmalar tuwo ta farko Sarkin Sauri aka kai wa.

Na kuma tuna abin da Kaka ta ce bayan ta rufe garwashi, tana riƙe da hannuna mai tsumma: "Ku bar yi mai dariya hakanan. Ba don ya ƙone ba, da ba wanda ya san inda duwatsun suke."

Na gama. Tuwo na tafasa. Na ciro takardar na miƙa wa Luba na ce, "Haɗa kayanki. Gobe da hantsi za mu tashi. Ba a bin hanyar Gusau da sassafe yanzu, sai motoci sun yi yawa."

Ta ce, "Za mu, Baba?"

"Ke kin san direban kirki a tashar nan? Kin san inda ake canza mota a Funtuwa? Littafi zai hwaɗa miki?"

Kulu ta ce, "Oh, yau Sarkin Sauri ya tuɓe riga."

Na ce ta kula da tuwonta.

Shekara talatin ina loda hatsi a wannan hanya, na san wanda ke gudu da wanda ke da hankali, na san wuraren da ba a tsayawa ko da fitsari ya matsa. Ni na kai ta har ƙofar ofishin rajista. Na zauna a gindin wata bishiya ina jin ta tana zuba Turanci da wani mai tabarau, ba gargada, ba wanda ya yi dariya. Na tsinci kalma uku ko huɗu. Sauran sun wuce ni, kuma a karo na farko a rayuwata ban ji haushin wucewar ba.

Yanzu tana shekara ta biyu. Kundinta, in na gane daidai, kan tsofaffin mata ne masu ba da labari a cikin littattafan da aka rubuta da Turanci, da yadda suka yi kama da namu ko suka saɓa. Kwanan baya ta bugo waya tana tambayar cikakken sunan Kaka, wai za ta sa a shafin farko. Na ce Kaka ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Ta ce shi ya sa.

Kada wani ya ɗauka na shirya da Turanci. Ban shirya ba. In na tuna malamin nan har yau sai na yi tsaki, ko da yake na ji ya rasu, Allah ya jiƙansa. Abin da na gane kawai shi ne, muna yara mun ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce kan gaggawa, kada a ɗebi wuta da hannu. Da na girma na mayar da ita hujja, na zauna gindin bishiya ina gadin gulbi. Ashe Kaka ta san cikin jikokinta ba za a rasa mai ƙonewa ba, shi ya sa ta ajiye masa aiki a ƙarshen labari. Laifina ne da nake barci kafin a kai wurin.

Ko Luba za ta dawo Ƙaura ta zauna in ta gama, ban sani ba, kuma na daina tambaya. Na dai san da tokar gidanmu ta tafi. Ran Asabar mai zuwa za su sami hutu. Na riga na gaya mata motar da za ta shiga da lokacin da za ta taso. Takan iso bayan la'asar, kuma ni za ta tarar tsaye a tasha.

Wannan kuma na binne ta nan. In ta dawo, ita ta tone.